Baƙon Da Ba Ya Kwana

Kai mai karatu, kafin ka shiga takardun nan tsaya in ɗaure ka da kacici-kacici. Ni ce Yabawa, tsohuwar Gure, takardun kuwa tsakanina ne da jikana. Wane baƙo ne duk wata sai ya zo, bai taɓa kwana ba, bai taɓa sa hannu cikin akushi ba, amma saboda shi maigida ba ya iya fita ƙofar gari? Kada ka yi gaggawar ba ni gari. Ni kaina sai da ya ci mini idanu biyu kafin in san shi.

*

Gure, watan azumin tsofaffi

Daga Yabawa zuwa ga maigidana, angona mai gudun gida, wanda ke Nguru inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙare. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da gajiyar aiki. In ka tambaye mu, lafiya muke, sai kewa. An gama girbi, gero bai yi laifi ba bana, fara ba ta sauka ba, mun gode Allah. Akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, duka maza, marasa amfani kamar wani da na sani.

Kai wane irin miji ne? Kakanka da ka ci sunansa, Allah ya jiƙansa, ko kasuwar Gidigir ya je sai ya dawo ya kwana gida. Kai kuwa damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ko ƙurar ƙafarka ban gani ba. Na goya ka tun ran da uwarka ta rasu, na koya maka baƙi da wasali da ɗan abin da ubana ya bar mini a allo, ashe alƙalami na fiƙe wa ɓarawo, ya gudu ya riƙa aiko mini da takarda maimakon fuska.

To, Aisami mai raƙuma, wanda ke kai kanwa can wajenku, ya kawo mini saƙonka na baki. Wai ka ce za ka zo bayan ranar biya. Na ji daɗi har na ba shi furar da na ɓoye wa kaina. Ni na san biya. Mai haƙa rijiya, ran da ruwa ya fito ake biyansa, ya naɗe igiyarsa ya kama hanyar gida. Makiyayi in damina ta ƙare a ba shi ɗan maraƙinsa ya kora. Biya ai sallama ce tsakanin ɗan ƙwadago da mai gona. Saboda haka zan sa a yi wa ɗakinka sabon daɓe.

Ga wata magana kuma. Farar yana ta sauko mini a ido. Na hagu ya zama kamar an zuba nono cikin ruwa, na dama ma ya fara. Ka zo tun ina iya bambanta ka da rumbu. Ina so in ga abin da Nguru ta yi wa fuskar nan.

Na ba Aisami dabino na kwarinmu ya kawo maka. In ka ga bai cika mudu ba, ka dubi haƙoransa. Wassalamu.

*

Nguru, watan Sha'aban

Daga Manzo zuwa ga amaryata Yabawa, tsohuwa mai ran ƙarfe. Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai ciwon wuya na buhu, shi kuwa kowa a nan yana da shi. Ki gaishe da Malam Umara na kusa da masallaci, da Zaliha maƙwabciyarki, da ƴan akuyar nan biyu da aka zage ni da su. Dabino ya iso. Haƙoran Aisami na duba, akwai shaida.

Aikina a kantin wani Bature ne mai sayen gyaɗa. Mu ɗauko buhu daga sito mu kai bakin jirgi, daga hantsi har rana ta yi ja. Kowane lebura an ba shi lamba ta ƙarfe, ƴar ƙarama, yana rataye da ita a wuya kamar laya.

Kin ce kin san biya. Ta nan ba ki san ta ba. Ranar biya sallar lebura ce. Da safe a buga ƙarfe, mu jeru a gaban wata ƴar taga. Akawu na ciki, Bature na bayansa yana shan lofe. Ba a kiran suna, lamba ake kira. A bakin ƙofa kuwa duk Nguru ta taru tana jiranmu: mata masu tuwo, maɗinka, wanzamai, makaɗa, har da wani makaho mai waƙa da ya san ranar fiye da akawun. Wanda jiya ba ya samun mai amsa masa sallama, ran nan ana ce masa ranka ya daɗe. Ta kusa, ƙarshen watan nan ne. In ta wuce zan duba hanya.

Maganar ido kuwa, haba amarya! Tun ina yaro kike cewa ba kya gani in an ce ki tsince tsakuwa a wake, amma in na ɓoye dabino a wando daga bakin zaure kike hango shi. Na san dabararki. Ga tozali na aiko miki, mai kyau, na Kano, da ɗan madubi irin na kanti mai bakin tagulla. Ki sa tozalin ki duba, ki ga irin matar da nake gudu. Wassalamu.

*

Gure, bayan ƙaramar salla

Daga Yabawa zuwa ga maigida, maƙaryaci ɗan maƙaryata. Barka da salla, barka da shan ruwa. Muna lafiya. Sanyi ya shiga mini gwiwa, Zaliha ta haihu, mace, Malam Umara yana nan da tarinsa.

Bari in ba ka labarin matar da ta yi shirin ango. Da na karanta cewa sallar lebura ce, kuma ƙarshen wata ne, na ce to, alhamdu lillahi, salla ai sau ɗaya take zuwa a sallami kowa. Na tara matan unguwa muka yi daɓe, suna dukan ƙasa suna yi mini waƙar amarya, ni da ba ni da haƙorin gaba. Na sa Malam Umara ya yanka zakaran nan mai taurin kai, na soya na rufe a tukunya. Da wata ya mutu na ɗauki tabarmata na koma gindin aduwar nan ta bakin hanyar kudu.

Ran nan da la'asar na hango wani abu dogo yana tafe, da farar riga, yana rangaji irin tafiyarka. Na miƙe, na gyara kallabi, na ce, "Maraba da ango, maraba da mai gudun gida!" Sai abin ya buɗe baki ya yi kuka. Jakin Malam Umara ne, an ɗora masa tabarmin kaba. Matan da ke dawowa daga rijiya suka zube ƙasa don dariya, wata har tulunta ya fashe. Yanzu duk Gure an san na sake aure. Na yi dariya tare da su. Da na koma gida na zauna a kan sabon daɓen nan, ban iya cin komai ba. Zakaran, mai jego ta cinye.

Sai ga Aisami, shi kaɗai da raƙumansa. Na ce, "Ba a yi biya ba ne?" Ya ce, "An yi, Iya, da idona na ga taron." Na ce, "To ina mijina?" Ya ce, "Washegari na gan shi da buhu a ka."

Yanzu ka fahimtar da ni, don kaina ƙaramin karatu ya yi. An biya ka, kuma ka koma ka ɗauki buhu? Wace irin biya ce wannan da ba ta sallamar mutum? Ko rijiyar Baturen naku ba ta da ƙasa ne?

Madubi ya iso, na gode. Na sa tozali na duba. Hazo na gani a ciki, da wani abu baƙi a tsakiya, Zaliha ta ce ni ce. Na rataye shi a bango yana kallon ƙofa. Ka ga, ban iya bambanta ka da jaki ba, saura rumbu. Wassalamu.

*

Nguru, watan bawan salloli

Daga Manzo zuwa ga matar jaki. Gaisuwa da ban haƙuri. Ina lafiya. Na karanta wa abokan ɗakina labarin jakin nan, wani Bamange har ya shaƙe da kunu. Sun ce in gaya miki in jakin ya sake ki, suna layi.

Laifina ne da ban yi miki bayani ba. Ranar biya ta nan ba ɗaya ba ce. Duk ƙarshen watan Nasara sai ta dawo. Ba aikin ake gamawa a biya ba, aikin ba ya ƙarewa, watan ne ke ƙarewa. Ga kuma inda igiyar take: ba sa biyan mutum duka. Aikin ƴan kwanakin ƙarshe sai su riƙe, su ce sai biya mai zuwa. In ta zo, su ba ka wancan, su riƙe na yanzu. Kullum akwai guminka a cikin akwatinsu. Wanda ya tafi ya bar musu shi, lambarsa kuma a rataya wa wani kafin rana ta faɗi, don tun shekarar fara mutane ke zaune bakin ƙofa suna jiran wani ya yi tuntuɓe.

Kin kuma san abin da ya fito da ni. Lanho ne, harajin Nasara, naki da nawa, kuma bana ma masu karɓa ba za su manta ƙofarmu ba. Ban da haka, ya zan shigo Gure hannu na dukan cinya? Akwai wani zane a kantin nan, shuɗi mai zanen ganye, na sa ido a kansa tun bara. So nake in shigo da shi a kafaɗa, matan rijiyar nan su yi shiru.

Ki ƙara haƙuri, a rufe cinikin gyaɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Af, rubutunki ya yi girma, kowane harafi kamar sawun raƙumi. Takarda tsada gare ta, amarya, ko so kike in san kin yi arziki? Wassalamu.

*

Gure, watan Gani

Daga Yabawa. Gaisuwa. Lafiya, sai zafi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana gyaran gonaki. Babbar salla ta wuce, an rufe cinikin gyaɗa, Aisami ya ce Baturen ya zaɓe ka cikin waɗanda za su zauna aikin fata da ƙaro har damina ta fita. Barka.

Na gane ranar biya yanzu. A Kelle an yi wani mutum mai jaki mai yawo. Ya ɗaure shi da igiyar kaba ya tsinke, ya ɗaure shi da ta rama ya tsinke. Sai ya daina ɗaurewa. Kullum da yamma ya zuba masa tafin dusa a gindin turke, tafi ɗaya, ba mai ƙosarwa ba. Jaki ya fita kiwo, in ya yi nisa sai ya tuna, ya juyo. Har mutumin ya sayar da igiyar. Aka ce masa, "Ina igiyar jakinka?" Ya ce, "Tana cikinsa."

Wannan shi ne wasana na ƙarshe a takardar nan, ka karanta sauran da wani ido.

Na ga abin da ya faru tsakaninmu. Ni da kai wasa ne tun kana rarrafe, duk abin da na faɗa maka zolaya ce, don haka ka ɗauki wannan ma zolaya. Ba laifinka ba ne, ni na saba maka. Rubutuna ya yi girma don ba na ganin ƙarami. Idon hagu ya rufe. Na dama saura kamar hasken da ke shigowa ta ɓular zana. Takardarka ta ƙarshe a tsakiyar rana na karanta ta, hancina a kanta.

Ka san tun ran da aka kai ni ɗakin kakanka ban taɓa kiran sunansa ba, ko yana raye ko bayan ransa. Da aka raɗa maka shi, kai ma bakina ya rufe a kanka, shi ya sa kake maigida, kake ango, kake ɓarawon dabino. Yau zan rubuta shi, Allah ya yafe mini rashin kunya, don ka san ba kakarka mai wasa ce ke magana ba.

Manzo. Ka zo gida, Manzo. Ba na son zane. Zumunta a ƙafa take.

*

Nguru, watan azumin tsofaffi

Zuwa ga Iya. Ina gaishe ki, ina neman gafara.

Takardarki ta watan Gani jiya ta shigo hannuna. Da ruwa ya sauka Aisami ya kora raƙumansa arewa saboda ƙuda, bai sake yin kudu ba sai yanzu, ita kuwa tana cikin jakarsa duk damina. Na zage shi, daga baya na ba shi haƙuri. Ni ma ai duk daminar ban nemi wanda zan aika ba. Na ce shirunki fushin amarya ne.

A bakin sito na buɗe ta. Na yi dariyar jakin Kelle. Da na kai ƙasa na ga sunan, sai na zauna a kan buhu. Mai kula da mu ya yi mini tsawa, ban ji shi ba.

Na je wurin akawu na ce a ba ni izini in je in ga kakata. Ya ce babu izini a tsakiyar wata, in na tafi na tafi ke nan. Wallahi, Iya, da don abin da ke akwatinsu ne da na ajiye musu lambarsu a kan taga na bi Aisami yau. Amma akwai Aisa, wata gwauruwa mai tuwo da ke ciyar da ni, ni da wasu. Ba ta karɓar komai sai ranar biya, da kuɗin take sayen hatsin wata mai zuwa, tana da marayu. In na gudu yau ita na cuta, ba Bature ba. Ke kika koya mini kada in kwana da hakkin wani.

Wannan ranar biya ita ce ta ƙarshe, na rantse. Ran da aka buga ƙarfe, in sallami Aisa, in kama hanya ko da ƙafa ne. Ki riƙe mini ɗan hasken nan. Ki daina zama cikin rana, ki daina hura wuta da kanki.

Jikanki.

*

Gure, watan Sha'aban

Daga Yabawa zuwa ga maigida. Kada ka yi mamakin hannun, Malam Umara ne ke rubutawa, ni ina faɗa. In ka ga kuskure nasa ne. Ya ce kada in sa a rubuta haka, na ce rubuta, ai ni surukarka ce ta wajen jaki. Ya tambaye ni ko ya sa sunanka a sama. Na ce a'a. Sunan nan sau ɗaya ya fito, ya koma ɗakinsa.

Gaisuwa mai yawa. Lafiyata lau, ina ci ina sha. Gero ya yi kyau, an ce mini.

Malam Umara ya karanta mini takardarka, na sa ya maimaita. Ka ce in riƙe maka haske. Ɗan nan, tun gero na fid da kai ya tafi, lokacin takardata na barci a jakar Aisami. Ko da ka tashi ran da ka karanta, da duhu za ka tarar. Saboda haka kada ka ɗora wa kanka dutse. Ka biya Aisa, ka gaishe ta, ka ce wata tsohuwa a Gure ta gode mata da ta riƙe mata cikin miji.

Ka san abin da na gani na ƙarshe? Madubinka. Wata safiya rana ta shigo ta ƙofa ta buge shi, ya yi wani wal a bango, na ce, kai, ashe yaron nan bai yi asarar kuɗinsa ba. Washegari na jira, bai zo ba. Yana nan a rataye, Zaliha na zuwa tana duba kitsonta.

Aisami ya ce ka yi gemu. Ban gani ba, saboda haka babu shi. A wurina kana nan yadda ka fita ƙofar gari, da siririn wuya da kunnuwa kamar na tulu. Kowa zai tsufa, kai ban da kai. Da can ana cewa gani ya kori ji, ni yanzu ji nake jira. In ka zo kada ka yi mini sanɗa, ka yi gyaran murya tun daga zaure, ka durƙuso in shafa gemun nan in ji ko na gaskiya ne ko gashin akuya ka liƙa.

Ban ce yaushe ba. An buɗe cinikin gyaɗa, na sani, lanho kuma na tafe, kuma na san inda igiyar take. Ƙarshen watan da ka rantse a kansa ya wuce, na ji raƙuma sun shigo, na kasa kunne, ban ji takunka a cikinsu ba. Ban yi fushi ba. Ɗakinka na nan, kullum da safe ina share daɓen da lalube, na san inda ya fara tsagewa. Na daina zuwa gindin aduwa. Daga nan ma ina jin hanya.

Jiya da yamma matan unguwa suka kawo dakansu tsakar gidana don su taya ni hira. Na ce ku tsaya in ɗaure ku. Wane baƙo ne duk wata sai ya zo, bai taɓa kwana ba, bai taɓa sa hannu cikin akushi ba, amma saboda shi maigida ba ya iya fita ƙofar gari? Wata ta ce jinjirin wata. Na ce jinjirin wata ya taɓa hana mijinki yawo? Wata ta ce zazzaɓi. Na ce zazzaɓi ai kwana yake, har ya nemi kunu. Suka gaji, suka ce sun ba ni gari.

"Mun ba ki Kelle."

Na ce, "Me zan yi da Kelle, jakuna sun ishe ni."

"Mun ba ki Gamu."

"Ku riƙe abinku."

"Damagaram, da birninta da kasuwarta."

"Makauniya ta ɓace a Damagaram? Na ƙi."

Sai Zaliha ta ajiye taɓarya ta ce, "To, Iya, mun ba ki Nguru."

Na ce na karɓa, da jirginta, da buhunanta, da ƴar tagarta, da lebura ɗaya mai gemu. Sannan na faɗa musu.

Baƙon nan ranar biya ce.